Buhu 60 ɗin masarar da na sa wa hannu

Ranar Asabar na miƙa makullin sito, shekara huɗu da wata biyar ke nan ina gonar kajin nan ta hanyar Ejisu, kusa da Kumasi a Ghana. Waɗanda muka yi aiki tare sun san ba don albashi na tafi ba, duk da dai albashin ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Maganar masara ce, kuma tunda kowa a unguwar Aboabo yana ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni ma in faɗi nawa.

Watan Agusta ne na bara, lokacin da sabuwar masara ke shigowa daga Ejura ruwa kuma bai ɗauke ba. Duk mai harkar abincin kaji ya san masarar wannan lokacin sai an yi hattara, manomi ya girbe ba ranar da zai shanya, sai ya ɗura a buhu da danshinta. Manaja ya shigo da mota da kansa, buhu 60, yana ta fara'a wai ya samu da sauƙi. Na soka hannu cikin buhu na farko na ji ɗumi, ba ɗumin rana ba, irin ɗumin da hatsi ke yi in ya fara gumi. Na ɗebo na sinsina, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, wasu ƙwayoyin ma da ɗan kore-kore a bakinsu. Na ce masa yallaɓai wannan masarar akwai fumfuna fa. Ya ce Malam Sito kaza ce za ta ci ba kai ba, in an niƙa an gauraya da soya da garin kifi wa zai gani. Na yi shiru na sa hannu a takardar karɓa. Nan ne laifina yake kuma ban taɓa musu ba, na gani, na ji wari, na sa hannu saboda shi ɗan ƙanwar Alhaji mai gonar ne ni kuma ina da 'ya'ya uku a makaranta.

Ba a yi sati uku ba kaji suka rage ci, ƙwai ya ja baya, kullum da safe sai an tsinci matattu. Da likitan dabbobi ya zo ya feɗe guda biyu a kan benci a gabana, wallahi har yau ina ganin hantar nan, ta kumbura ta yi fatsi-fatsi kamar an shafa mata man shanu, yana taɓawa da yatsa tana marmashewa. Bai tambayi magani ba, bai tambayi ruwa ba, cewa ya yi a kai shi sito. Shi ya fara gaya min sunan abin, aflatoksin, gubar da fumfuna ke zubarwa a masara da gyaɗa in an adana su da danshi. Ya ce a Ingila aka fara gano ta a 1960 bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu saboda tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Birazil, kuma a jikin mutum hanta take nema, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta. Abin da ya fi kashe min jiki shi ne da ya ce dafuwa ba ta kashe ta. A ƙwai kaɗan ne ke ratsawa, ya faɗa min gaskiya bai tsorata ni ba, amma tana zama a hantar kazar, in kuma saniya ce ta ci to tana fitowa a nono, a tafasa shi ma tana nan.

To ku ji abin da aka yi bayan ya tafi. Manaja ya sa aka zuba wa kajin maganin antibayotik a ruwa, abin da ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, kuma a jikin ledar maganin an rubuta ƙarara kwanakin da za a jira kafin a ci ƙwai ko nama, amma ko kwana ɗaya ba a dakata ba, aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na zuwa tana lodin kiret tana kaiwa Asawase da Aboabo wajen masu shayi. Wajen mai shayin layinmu yarana ke cin ƙwai da burodi ranar da babarsu ta makara. Ragowar buhu 20 da ɗoriya kuma aka sayar wa wani mai shanun tatsa a rabin kuɗi, ni na loda masa, ina lodawa ina tunanin burkina, haɗin nono da geron nan da ake sha a zango kullum da rana. Da Alhaji ya dawo daga tafiya ya ga asara, takarda aka miƙa masa, hannun wa ke kai? Nawa. Aka zaftare min rabin albashi wata uku. Manaja yana zaune a gefe yana danna waya.

Sauran abubuwan da na koya ba su yi min zafi haka ba. Matan kasuwa suna son gwaiduwa ja-ja suna cewa ita ce mai lafiya, alhali kalar daga abinci take, jar masara da ganye ke kawo ta, farar masara kuma gwaiduwa ta yi fari-fari, kuma akwai sinadarin kala da ake zubawa a abinci ta yi jawur ba tare da ƙwan ya ƙaru da komai ba, mu ma mun zuba. Amma irin kitsen da ke cikin ƙwai da wasu bitamin, wannan da gaske abincin kaza ke sauya su, shi ya sa ƙwan da ake ce wa mai omega-3 ya fi tsada. Garin kifi in ya yi yawa ƙwai sai ya yi ƙarni. Masara in danshinta ya wuce kashi 13 cikin ɗari kar ka jibge ta a sito, kuma kar buhu ya taɓa siminti ko bango. Takarda kuwa, in ba ka yarda da kaya ba ka rubuta a jikinta kafin ka sa hannu, ko layi ɗaya ne.

Bayan abin nan na tara kuɗina na sayi ɗan na'urar auna danshi, daga ranar duk motar da ta shigo sai na soka, na mayar da lodi biyu manaja yana kumfar baki, kuma har na bar wurin ba a sake feɗe kaza an ga irin waccan hantar ba. Ba wanda ya ce min sannu. Ranar Asabar da nake haɗa kayana ya leƙo ya ce na'urar fa, ai ta sito ce. Na ciro rasit daga aljihu na nuna masa sunana, na saka ta a jaka na fita na tari trotro, motar haya.