Asabar: zogale, hazo, da Mary J. Blige

Yau ban yi niyyar leƙa ko ƙofar gida ba, sai Umma ta kira tun da sassafe wai an kawo mata zogale daga ƙauye, in zo mu zage shi kafin ya yi yaushi. Na isa wajen sha ɗaya. Babu wuta, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsattsage. Muka baje tabarma a tsakar gida, ni da Umma da 'yar Yaya babba da ta zo hutu. Ita dai suna ne kawai tana taya mu, hannu a zogale, ido a waya.

Muna cikin aiki sai na ji wata mata a wayar tana yi wa wani faɗa da Turanci, a hankali, ba ta ko ɗaga murya. Na tsaya cak. Na san muryar nan. Na ce, "Ke, miƙo wayar nan." Ga ta zaune a kan teburin cin abinci, 'ya'yanta sun yi tsit kamar ruwa ya ci su.

Na ce, "Ikon Allah, Mary J. Blige!"

Yarinyar ta ce, "A'a Gwaggo, Monet ce."

Ta shiga ba ni labari: shirin Power Book II: Ghost ne, matar ita ke riƙe da harkar ƙwayoyi ta gidansu a New York tunda mijin yana kurkuku, an fara shi a 2020, ya ƙare a 2024 bayan zango huɗu. Na ce to kin san mawaƙiya ce? Ta dube ni kamar na ce Umma ta taɓa buga ƙwallo.

Abin ya ɗan sosa mini rai, ban san dalili ba. Ni a kaset na san matar nan. A 2001 ta fitar da No More Drama, Yaya, wato uban wannan yarinyar, ya sayo kaset ɗin, muka saurare shi har zaren ya fara cinyewa, muna naɗe shi da biro don kada batir ya ƙare. Rabin Turancin ba na ji a lokacin. Amma muryar tana da wata tsatsa, irin ta wanda ya sha kuka ya share hawaye ya tashi. Kiɗan na 'yan hip-hop ne, mai duka a ƙirji, waƙar kuma ta soul ce, irin wadda ta koya a coci tana ƙarama. Haɗa biyun nan shi ne ya sa ake mata kirari da sarauniyar hip-hop soul tun kundinta na farko a 1992.

Na ba yarinyar abin da na sani. An haife ta a 1971, ta tashi a gidajen talakawa na garin Yonkers, kusa da New York, uban ya tafi ya bar su da uwarsu. Tana 'yar shekara sha bakwai ta shiga wani ɗan akurkin ɗaukar murya a kasuwar zamani ta rera waƙar Anita Baker, kaset ɗin ya bi hannu har ya kai kamfanin Uptown Records, suka ɗauke ta. Kundinta na 1994, My Life, ita da bakinta ta ce a cikin shaye-shaye da baƙin ciki ta yi shi.

Umma, wadda na ɗauka ba ta saurare, ta ce, "Allah sarki. Su ma ashe suna da nasu." Ita ce fa da can take kiran kaset ɗin kiɗan shaiɗanu.

Yarinyar ba ta yarda da ni ba sai da ta duba intanet. Nan ta fara karanto mana da ƙarfi: lambar yabon waƙa ta Grammy tara, ta fito a shirin The Umbrella Academy a 2019, a fim ɗin Mudbound na 2017 an sa ta takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar biyu a shekara guda, ɗaya na wasa ɗaya na waƙa. Wannan fim ɗin na gani. Matar manomi ta fito a Mississippi, babu gashin kanti, babu kwalliya, har na kusa kasa gane ta. A ganina ya fi wannan na Monet nesa ba kusa ba, amma da na faɗa sai aka ce na tsufa.

Na sa ta nemo mana Family Affair. Kiɗan yana tashi kafaɗata ta fara motsi da kanta, zogale a hannu. Umma ta harare ni, na nutsu. Yarinyar kuwa ta saurari minti ɗaya ta ce "ba laifi", ta koma kan Monet ɗinta.

Bayan la'asar na shiga tsohon ɗakinmu na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Na sami kaset ɗin a cikin littattafan sakandare, hoton ya koɗe, Yaya ya rubuta sunansa a jiki da jan biro har da gargaɗin kada a taɓa. Rediyon da zai ci shi ne babu a gidan, Umma ta ce ta daɗe da ba 'yan gwangwan.

Na dawo da shi gida tare da kasona na zogale. Na tura wa Yaya hotonsa a WhatsApp, har yanzu bai buɗe ba. Gobe kwaɗo zan yi, in na samu ƙuli mai kyau.