Talata a Dubai: daga Al Fahidi zuwa Deira

Na fita bayan sallar asuba da ɗan lokaci, domin a garin nan duk yawon da za a yi da ƙafa kafin hantsi ake yinsa. Da bazara zafi kan haura digiri 40, har doka ta hana ma'aikata aikin waje daga 12:30 zuwa 3:00 na rana tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Jirgin ƙasan cikin gari, wanda aka buɗe a 2009, ba shi da direba, kuma ba a karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai katin Nol, wanda ake zuba wa kuɗi don biyan kuɗin shiga. A nan baƙi ke yawan faɗawa tara. Akwai taragon mata da yara, namiji ya tsaya ciki dirhami 100 ne. Ci ko sha a cikin jirgin, ko da cingam ne, shi ma dirhami 100.

Al Fahidi ita ce tsohuwar unguwar da fatake daga Bastak ta Iran suka gina. Bangon gidajen na dutsen murjani ne da aka haƙo daga teku, mai kauri, lungunan kuma matsattsu kamar na cikin birnin Kano, da gangan, don inuwa ta wuni a ƙasa. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne barjil, wata hasumiya a saman ɗaki mai buɗaɗɗun fuskoki huɗu. Ko ta ina iska ta taso, fuska ɗaya za ta kama ta ta turo ta ƙasa, zazzafar iskar ɗakin kuma ta fice ta ɗaya gefen. Babu lantarki, babu inji. Yau da yawansu ado ne kawai, na'urar sanyaya ɗaki ce ke aikin.

Gahawar mutanen garin tana da ƙa'ida. Ba a cika ɗan finjalin, kurɓi biyu ko uku ake zubawa, a karɓa da hannun dama, a haɗa da dabino tunda ba sukari. Idan ka miƙa finjalin haka kawai, ƙari za a yi maka. In ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza shi.

Daga nan sai bakin Khor, mashigin ruwan da ya raba unguwannin Bur Dubai da Deira. Kwale-kwalen katako, abra, yana ɗaukar mutum kusan 20 a kan dirhami 1, tsaba ake miƙa wa matuƙi bayan an zauna. A gaɓar Deira har yanzu manyan jiragen katako na lodin firji, tayoyi da buhunan shinkafa zuwa Iran da Somaliya. Garin nan ya san ciniki tun kafin a gano mai a 1966. Da lu'ulu'un da ake tsamowa daga teku ya rayu, har Japan ta fara samar da nata ta hanyar kiwo a ruwa, kasuwar ta mutu a shekarun 1930.

A kasuwar zinariya farashin giram a rubuce yake a allo, kullum yana sauyawa, ba a taya shi. Kuɗin ƙira ake tayawa, don haka a nemi mai shago ya raba lissafin biyu, nauyi daban, ƙira daban, kuma rasit ya nuna karat, wato ma'aunin tsabtar zinariyar, 18 ne, 21 ko 22. Masu tare hanya suna tallar agogo da jaka na jabu, a wuce su kawai. Za'afaran kuwa, wato kayan ƙamshin girki mai jajayen zarurruka, in ana son gane na jabu a jefa zare ɗaya a ruwa: na gaske a hankali yake sakin rawaya, zaren ya zauna da jansa, na rini nan take ruwan ke yin ja. Ta wajen unguwar Naif na ji Hausa tana tashi, 'yan kasuwarmu ne ke lissafin kilo da masu kago.

Da la'asar na leƙa Burj Khalifa, dogon benen nan mai tsawon mita 828. Tikitin hawa a lokacin faɗuwar rana ya fi tsada kuma yana saurin ƙarewa, gara a saya ta intanet tun da wuri. Ƙura ta rufe sararin yau, ban hau ba.