Bidiyon hamada da na cire daga bincikena

Lokacin da nake aikin kammala karatu a nan Damagaram, na aro wata dabara daga masana halayyar ɗan Adam na Amurka: a nuna wa mutum gajeren bidiyo na abin da ya fi ƙarfin tunaninsa, sannan a tambaye shi yadda ransa ya ji. Dacher Keltner da Jonathan Haidt ne suka fayyace irin wannan ji, wanda a Turanci ake kira "awe", a 2003. Suka ce abu biyu ke haɗuwa a cikinsa: girman abin da aka gani, da yadda hankali ke faɗaɗa dole kafin ya ɗauke shi. A 2015 Paul Piff da abokan aikinsa suka nuna cewa wanda ya ji haka yakan ga kansa ƙarami, kuma hannunsa ya fi sakewa wajen taimako.

Tun a takardar tambayoyi na fara tuntuɓe. Wace kalma zan sa? Mamaki ya yi araha, ko tsadar gero ana mamakinta. Kwarjini kuwa na mutum ne, irin na Sarkin Damagaram ranar hawan salla. Na sa al'ajabi, amma raina bai kwanta ba. Ashe amsar tana bakin masu kallo. Da ruwa ya kwararo daga ƙololuwar dutse a allon kwamfuta, sai ka ji "Ikon Allah!" Na koma ina rubuta wannan a gefen takarda, kuma ya fi makin da suke bayarwa gaya mini gaskiya.

Bidiyon hamada ne ya koya mini hankali. Tuddan rairayi ne da aka ɗauka daga sama, rana na faɗuwa, ni dai na ga kyau kawai. Wata ɗaliba ƴar wajen Kance ta kalla kamar rabin minti, ta cire abin sauraro daga kunne, ta ce: "Malam, don Allah kashe." Idanunta sun cika. Matan garinsu da yawa ta wannan rairayi suke bi zuwa Aljeriya neman abinci. A Oktoban 2013 ƙishirwa ta kashe mutum 92 a arewacin Arlit, wani gari a arewacin Nijar kan hanyar Aljeriya, galibinsu mata da yara. Na san labarin sarai, amma ban tuna da shi ba sa'ad da nake zaɓen hotuna, kuma har yau abin yana cina.

Na ba ta haƙuri, na cire bidiyon a ranar. Tun daga nan, kafin in kunna komai, sai na gaya wa mutum abin da zai gani, in jira ya ce to.