Hancin kifin Misisipi

Jiya da dare ina latse-latsen waya sai na ci karo da hoton ƙashin hancin wani kifi da ke Kogin Misisipi a Amurka. Hancin nasa dogo ne fale-fale kamar filafilin kwale-kwale, ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa. Wallahi da farko na ɗauka saƙar hannu ce wani ya yi.

Sai da na zuƙo hoton na ga ƙananan ƙasusuwa masu siffar taurari, kowanne ya miƙa yatsu ya kama na kusa da shi, sun sarƙe kamar raga a kewayen guringuntsi. In abu ya bugi wuri ɗaya, ragar nan ce ke raba ƙarfin bugun ko'ina. Shi ya sa injiniyoyin sojan Amurka suka zana shi a kwamfuta suna ta gwaji, ko za su samu allunan kariya masu ƙwari marasa nauyi.

Shi kuwa gogan naka abinci yake nema da shi. Da hancin yake jin ɗan lantarkin da mitsi-mitsin halittun ruwa ke fitarwa, ko da ruwan ya yi duhu. Har ƙarfe ɗaya ina ƙirga taurarin nan.