Hannun Malami a Kan Sitiyarin Jirgi

Ɗan yayata ya zo gidana a Jidda wata Juma'a bayan la'asar, ya gaishe ni, ya zauna a kan darduma, sannan ya ajiye littafin da ake rubuta sa'o'in tashi a gabana bai ce komai ba. Da na buɗe sai na ga sa'o'i 31, malamai huɗu ne suka sa hannu a shafukan, kuma har zuwa wannan rana bai taɓa tashi da jirgi shi kaɗai ba. Na tambaye shi abin da ke hana shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wallahi ban sani ba ko ni nake saukar da jirgin nan ko Kaftin ne yake saukar da shi." Kaftin ɗin da yake nufi malaminsa ne. Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin na taɓa zama a kujerar dama ta ƙaramin jirgi ina koyarwa kafin in koma aikin ƙasa, kuma na san cewa laifin da yaron yake kwatantawa ni ma na aikata shi ba sau ɗaya ba.

Wanda bai taɓa shiga jirgin koyo ba, irin su Cessna 172 ko Diamond DA40, ya kamata ya san cewa abin sarrafawa biyu ne a cikinsa, ɗaya gaban ɗalibi ɗaya gaban malami, kuma a haɗe suke, idan aka motsa wannan wancan ma zai motsa. Haka fedojin da ake takawa da ƙafa don juya wutsiya. Lokacin da ya fi wuya ga mai koyo shi ne daƙiƙu kaɗan kafin taya ta taɓa ƙasa, inda ake rage totur, a ɗaga hancin jirgi a hankali, a bar shi ya zauna a kan tayoyin tsakiya. A nan ne malami mai tsoro, ko mai gajen haƙuri, yake ɗora yatsu biyu a kan nasa sitiyarin ya ɗan ja, ko ya ɗan taka feda, ba tare da ya furta kalma ba. Jirgi ya sauka lafiya lau, malami ya ce madalla, ɗalibi ya koma gida yana murna da saukar da ba tasa ba ce. Abin da hannunsa ya ji a ranar gauraye ne da ƙarfin wani, don haka bai koyi nauyin jirgin na gaskiya ba, kuma ranar da aka janye wannan ɓoyayyen hannu sai ya doka jirgin da ƙasa ya rasa dalili. Ƙa'ida a fili take: malami zai ce jirgi yana hannunka, ɗalibi ya amsa jirgi yana hannuna, malami ya sake tabbatarwa, haka kuma idan zai karɓe. Malamin da ya karɓi jirgi a ɓoye ya karya wannan ƙa'ida, ya kuma koya wa yaro cewa ana iya tuƙi alhali ba a san wanda yake tuƙin ba.

Dole in yi wa malaman adalci, domin yawancinsu ba don son koyarwa suka zauna a kujerar nan ba. Lasisin tuƙi na farko yana buƙatar aƙalla sa'o'i 40, ko da yake mafi yawan ɗalibai suna wuce hakan. A tsarin Amurka, wanda dokokin hukumar sufurin jiragen sama ta Saudiyya suka yi kama da shi ƙwarai, lasisin yin tuƙi a matsayin sana'a yana neman sa'o'i 250, babban lasisi na matuƙan kamfanoni kuma 1,500. Wannan tazara mai faɗi ba mai iya cike ta da kuɗin aljihunsa, sai dai ya koyar, ana biyansa yana tara sa'o'i. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar malamin saurayi ne wanda bai daɗe da gama nasa karatun ba, idonsa yana kan ranar da kamfani zai kira shi. Akwai nagartattu a cikinsu, na sani. Amma wanda sa'a kawai yake nema, ɗalibi a wurinsa matakala ce.

Alamar irin wannan malami tana bayyana tun kafin a tayar da inji. Ba ya zama da ɗalibi ya bayyana masa abin da za a yi a sama, kuma bayan an sauka ba ya zama a yi bitar abin da ya faru, saboda zaman tebur ba ya shiga littafin sa'o'insa. Sai ya ce yalla mu tafi, zan nuna maka a can. To amma cikin jirgi ba ajin karatu ba ne. Inji yana ruri, rediyo yana magana, zafi yana dukan gilashi, ɗalibi yana kokawa da tsayi da gudu da alkibla, kuma agogon da ake lissafa kuɗi da shi yana juyawa muddin inji na aiki. Bayanin da za a gama shi cikin minti goma da alƙalami da takarda sai a ɓata masa rabin sa'a a sama, uban yaro ya biya da riyal, yaro kuma ya sauko bai fahimta ba. Ɗan yayata ya ce ɗaya daga cikin malamansa yakan duba wayarsa idan sun fita filin atisaye. Ban yi mamaki ba, amma na tuna masa cewa a irin wannan tashi idon matuƙi ne kaɗai yake raba shi da wani jirgi, kuma idan mai ido mafi ƙwarewa yana kallon WhatsApp, saura idon wanda bai san inda zai duba ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gadon sakaci. Masu nazarin koyarwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fara koya shi ne yake kafuwa, kuma kankare shi ya fi koyar da sabo wahala, wato dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin kowane tashi ana zagaya jirgi da takardar dubawa a hannu. Ana ɗibar mai daga ƙarƙashin fiffike a ɗan ƙaramin kofi, a ɗaga shi sama a duba: man jirgin shuɗi-shuɗi ne, ruwa kuwa ya fi shi nauyi, idan akwai shi zai kwanta a ƙasan kofin kamar ɗigon gilashi. Ana duba man inji, a taɓa farfela, a durƙusa a kalli tayoyi. Malamin da yake faɗin muhimmancin wannan a aji, amma a fili ya tsaya a inuwa ya ce ai yanzu jirgin ya sauka, ba komai, ya riga ya koyar da darasinsa, kuma ɗalibi aikin zai ɗauka ba maganar ba. Mu Hausawan Jidda ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da taya take iya jawowa. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 da ke ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato ya tashi daga filin Sarki Abdul'aziz da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba, saboda ana gaggawa kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, aka naɗe su cikin jirgi da wuta a jikinsu, jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin dawowa, mutum 261 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ba ɗalibai ne suka yi wannan ba, ƙwararru ne, amma halin cewa ba komai a wani wuri suka fara koyonsa.

Daga cikin wannan sakaci akwai ƙin yin lissafin zafi, wanda a ƙasar nan ba abin wasa ba ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka fiffike ba ya samun abin dogaro sosai, inji kuma ƙarfinsa yana raguwa. Filin jirgin Riyad yana da tsayin kusan ƙafa 2,000 daga teku, amma a ranar da zafi ya kai digiri 45 jirgi yana jin kamar yana tashi daga wuri mai tsayin ƙafa 6,000, gudunsa a kan titi ya tsawaita, hawansa ya yi sanyi. Ɗalibin da malaminsa bai taɓa buɗe jadawalin da ake yin wannan lissafi da shi a gabansa ba, saboda titinsu dogo ne kuma sun saba, wata rana zai je Ɗa'if, inda filin kansa ya ɗan haura ƙafa 4,800, da tsakar rana da tanki cike, ya yi tsammanin jirgin zai yi abin da ya saba yi a bakin teku.

Sai kuma tsawa, kuma a nan ne maganar ta fi shafarmu. Mun taso da girmama malami, yaro ba ya haɗa ido da shi, ba ya musu, ko bai gane ba zai ce na'am. Tarbiyya ce mai kyau a zaure, ina alfahari da ita. Amma idan ta haɗu da malami mai faɗa a cikin ɗan akwatin da kafaɗa take gogar kafaɗa, abin da ake samu shi ne ɗalibin da ya daina tuƙa jirgi ya koma tuƙa fuskar malaminsa. Ba ya duban titi don ya san ko ya yi sama da yawa, yana satar kallon dama ne ya ga ko an ɓata rai. Idan saukarsa ta lalace ba zai ƙara wuta ya fasa ya sake zagayowa ba, wanda shi ne daidai, sai ya tilasta jirgin ƙasa don kada a ce ya kasa. Idan ya ga wani abu da bai yi masa ba, sai ya haɗiye. Tarihin sana'ar nan ya san wannan shirun. A tsibirin Tanarif na ƙasar Sifen ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kaftin ɗin da ya fara gudun tashi ba tare da izini ba shi ne babban mai horar da matuƙan wannan jirgi a kamfanin KLM, kuma shi ya yi wa mataimakinsa jarrabawar jirgin 'yan watanni kafin nan. Injiniyan da ke bayansu ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titi, kaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana.

Kishiyar mai tsawa ma ba alheri ba ne, wato malamin da komai aka yi sai ya ce ya yi kyau don a rabu lafiya, har ranar jarrabawa ta tona asiri. Yawan canjin malamai kuma yana da nasa ɓarnar. Huɗun da suka sa hannu a littafin ɗan yayata kowa da inda yake so a rage totur, kowa da inda yake so a kafa ido a kan titi, kuma babu wanda ya karanta abin da na gabansa ya rubuta, idan ma ya rubuta wani abu ban da kwanan wata.

Na ce masa ya je wurin shugaban masu koyarwa ya nemi a tsayar masa da malami ɗaya, sai ya ce, "Kawu, ai kamar na kai ƙarar Kaftin ke nan." Na ce masa kuɗin mahaifinsa ne kuma ransa ne, ya yi maganar da ladabi amma ya yi ta. Na kuma ba shi tambaya ɗaya da zai riƙa yi bayan kowace sauka: Kaftin, ka taɓa sitiyari ko ba ka taɓa ba? Ya ɗauki makonni biyu kafin bakinsa ya iya furta ta. Sabon malamin da aka ba shi dattijo ne, ya yi dariya da ya ji tambayar, daga nan duk lokacin da suka juyo za su sauka sai ya ɗora tafukansa biyu a kan gwiwoyinsa inda yaron zai gan su. Saukar farko sun yi tsalle sau biyu a kan titi, dattijon ya ce ƙara wuta mu sake zagayowa, hannunsa bai bar gwiwa ba. A sa'a ta 39 ya buɗe ƙofa a gefen titi ya fita, ya ce masa ya yi zagaye uku ya dawo ya same shi a nan.