Wasiƙa Daga Arizona: Kafin Ku Kawo Kunkuru Gida, Ku Gina Masa Wuri, Ku Shuka Masa Ciyawa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Muna gaishe ku daga birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne kunkuru, babban nan mai ƙaho-ƙaho a cinya, wanda asalinsa ɗan yankin Sahel ne, daga Senegal da Mali har Nijar da Chadi da Sudan. Masana na kiransa Centrochelys sulcata. A nan ana kiwonsa a bayan gidaje ba adadi, domin zafin Arizona ya yi kama da namu. Tun shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da shi daga Afirka saboda kaskar da ke ɗauke da cutar dabbobi, don haka na kasuwar yanzu haihuwar nan ne. Sun yi yawa har wata cibiyar kula da dabbobi masu jan ciki da ke Scottsdale tana riƙe da ɗaruruwan waɗanda masu su suka gaza. A gida kuwa, inda Allah Ya halicce shi, ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Saboda haka kada a kamo na daji. Wanda ya riga ya mallaki ɗaya, ko ya samu wanda aka ƙyanƙyashe a gida, da shi muke magana.

Ɗan kunkurun da ke zama a tafin hannu yau, nan da shekara goma sha biyar zai iya haura kilo 30, manyan maza kuma sukan wuce kilo 50. Yana iya rayuwa fiye da shekara 70. Kenan tun ranar farko da girmansa na gaba za a yi lissafin fili. Babba ɗaya yana son aƙalla mita 10 a tsawo, mita 10 a faɗi. A kewaye da bulo, tsayin santimita 60 a sama, sannan a nutsa tushe santimita 40 zuwa 50 a ƙasa saboda yana haƙa. Katangar ta zama wadda ba a gani ta cikinta. Idan waya ce ko zana, yana hango waje zai yi ta tura ta dare da rana har ya kayar ko ya ji wa kansa ciwo. A kusurwoyi kada a bar tudu ko tarkacen da zai taka, domin in ya hau ya kife rigingine a tsakar rana ba mai gani, zafi na iya kashe shi cikin ɗan lokaci. Maza biyu kuma ba sa zama wuri guda. An ce kunkuru na son dambe ba shi da yatsa, amma wannan yana da abin da ya fi yatsa: wani tsinin ƙashi a ƙarƙashin wuya da yake cusa wa abokin faɗa ya birkice shi.

Maganar rami ita ce ta fi wahalar da mutane a nan. A daji rami ne ke raya shi: yakan haƙa mai tsawon mitoci da dama ya shige lokacin da rana ta take, inda akwai sanyi da ɗan laima. Phoenix takan wuce digiri 43 a watan Yuli, kamar yadda Sakkwato da Yamai kan yi a Afrilu, kuma inuwar bishiya kaɗai ba ta isa a irin wannan zafi. To amma in an bar shi ya zaɓi wuri da kansa, gindin katanga ko ƙarƙashin ɗaki zai nufa, kuma kun san abin da hakan ke nufi ga ginin laka. Gara ku fara masa ramin da kanku a tsakiyar fili, nesa da kowane gini da mita 3 ko fiye, a kan wuri mai ɗan tudu. Ku haƙa gangare mai zurfin rabin mita, ku rufa bakin da katako mai kauri, ku tara ƙasa a kai, ku yi ɗan dandamali kewaye don ruwan sama ya kauce. Shi zai ƙarasa sauran. Da damina a riƙa leƙawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi; ramin da ke cikin kwari yakan cika ko ya rufta da shi a ciki.

Sanyi kuwa ba ya jure shi, kuma ba ya kwanciyar hunturu irin ta wasu kunkuran Turai. A nan idan dare ya fara sauka ƙasa da digiri 15, ana toshe ramin a mayar da shi wani akwatin katako mai rufi biyu, faɗinsa kamar santimita 120, da na'urar ɗumama ɗaki da ke tsayawa a wajen digiri 27. Ku a gida ba lallai sai da lantarki ba. Ɗan ɗakin laka mai kaurin bango, da ƙaramar ƙofa da ta ba wa arewa maso gabas baya saboda iskar hunturu, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a rataya buhu a bakin ƙofa, zai wadatar a yawancin darare. Kada a kai masa kaskon gawayi. Hayaƙin na shaƙe shi, ga haɗarin gobara. Abin da ke kashewa shi ne sanyi haɗe da jiƙa. In kun ga kumfa a hanci ko yana numfashi baki buɗe, sai likitan dabbobi.

Yanzu abinci. Kunkurun nan makiyayi ne kamar saniya, cikinsa na ciyawa ne. Kashi 80 cikin ɗari na abin da zai ci ya zama ciyawa. A nan kiri-kiri ake shukawa, wadda ku kuke tugewa a gona kuna zubarwa. A yanko jijiyoyinta masu gaɓa, a dasa da tazarar santimita 20, a yi ban ruwa kullum, a hana shi shiga har mako 6 zuwa 8 sai ta kama ƙasa. A raba filin gida uku, yana kiwo a ɗaya biyu na hutawa, in ba haka ba zai cinye har saiwa ya bar muku ƙura. Gude-gude da harkiya da burburwa duk abincinsa ne. A ƙarshen damina a yanki ciyawa tun tana da sauran kore, a shanya a inuwa, a adana; da rani a daddatsa, a jiƙa minti 15 kafin a ba shi. Kada maganin feshi ya taɓa wurin.

Sauran kashi 20 ganye ne: na kabewa da furenta, rama, ganyen inabi, da kaktus mai faffaɗan kunne da ake kira Opuntia. Shi wannan a yanko kunne ɗaya, a bar shi mako guda a inuwa bakin yankan ya bushe, a binne sulusinsa a ƙasa mai yashi, kada a ba shi ruwa sai bayan mako biyu, kuma a shuka shi a wajen katanga. Zogale da harawa kaɗan-kaɗan, don sinadarin gina jiki ya yi yawa a cikinsu. Alayyafo da yakuwa ma jefi-jefi, saboda suna hana jiki amfani da sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Ragowar tuwo, shinkafa, burodi da dusa ba nasa ba ne. Kankana da mangwaro zai ci da marmari, amma zaƙin na ɓata masa ciki ya sa shi zawo. A tuge tumfafiya, zaƙami, zurma da tinya daga filin. Sau biyu a mako a barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka, rabin ƙaramin cokali ga matsakaici.

Cewa kunkuru ba ya shan ruwa kuskure ne. A binne faranti mai faɗi daidai da ƙasa, ruwan kada ya wuce haɓarsa, a canza kullum domin a ciki yake kashi. Ku lura da farin abin da ke fita tare da fitsarinsa: in yana da laushi lafiya lau, in ya yi tsakuwa-tsakuwa ruwa ya yi masa kaɗan, kuma daga nan dutsen mafitsara ke farawa. Bai iya iyo ba, don haka a rufe rijiya da kwatami.

Ƙanana su suka fi mutuwa. A jiƙa su cikin ruwa mai ɗumi minti 20 kowace safiya, a ba su maɓoya mai laima, domin wanda ya tashi a busasshen wuri ƙoƙon bayansa kan yi tsini-tsini, kuma ba ya gyaruwa. Suna buƙatar hasken rana kai tsaye, wanda ya ratso gilashi ba ya ƙarfafa ƙashi. A rufe wurinsu da ragar waya saboda shaho da hankaka da gafiya, a kuma nisanta kare ko da babban kunkuru ne. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi, don yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa.

Mu huta lafiya.

'Yan uwanku mazauna Phoenix, Arizona