Ranar da na daina rubuta "da sauƙi"

Da zazzaɓi abin ya fara. Ina aikin kula da tsofaffi a Manchesta, sai na kwanta mako biyu da ciwon maƙogwaro da zafin jiki. Zazzaɓin ya tafi, ƙarfina bai dawo ba. An ɗebi jinina sau da dama, kowane sakamako ya fito lafiya lau: ba ƙarancin jini, ba suga, hanta da ƙoda ƙalau. Hajiyata ta kira daga Kano ta ce, "Ko taifod ne bai gama fita ba? Ki daure ki riƙa motsa jiki, kwanciya ma ciwo ce." Wata ƙanwar babana kuma ta ce a nemi rubutu, wannan ba na asibiti ba ne. Duk cikin ƙauna suka faɗa, na sani.

Sai da aka shekara kafin likita ya kira sunan ciwon: ME/CFS, ciwon gajiya mai naci. Kalmar gajiya ba ta yi masa adalci ba. Gajiya ita ce wadda barci ke gyarawa. Wannan kuwa za ki yi barcin awa goma ki tashi kamar an kwana ana dukanki, ki buɗe baki za ki yi magana kalmar ta ɓace, ki tsaya gaban tukunya minti biyar jiri ya ɗebe ki.

A lokacin an ba ni shawarar in riƙa ƙara tafiya kaɗan-kaɗan kowane mako. Shawarar ta yi ƙarfi ne bayan wani bincike kan jinyar ciwon mai suna PACE da aka wallafa a 2011, wanda daga baya masana da marasa lafiya suka yi ta sukar yadda aka auna sakamakonsa. Na bi ta da gaskiya, domin ina son komawa aiki. Cikin wata biyu na koma ba na iya hawa bene. A Oktoban 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta janye wannan shawara. Da na karanta sai da na yi kuka, don na daɗe ina zargin kaina da raki.

Abin da ya fara taimaka mini littafin rubutu ne mai arha. Kowane dare ina rubuta abu huɗu: abin da na yi, minti nawa na yi a tsaye, yadda barci ya kasance, sai lamba daga 1 zuwa 10 ta nauyin jiki. Idan hannu ya gaza, lambar kawai nake sawa. Makonnin farko ban ga komai ba, domin ina duba rana da ranarta. Sai wata rana ina juya shafuka na lura cewa duk Litinin ɗin da na kasa tashi, ranar Asabar na je kasuwa ko na karɓi baƙi. Jikin ba ya karɓar bashinsa nan take. Yakan jira awa 12 zuwa 48, sannan ya zo da ruwa a kai, ya kwantar da ni kwana uku ko mako. Wannan jinkiri shi ne babbar alamar ciwon, kuma shi ya sa wanda ya gan ni wurin suna ina dariya yake ɗauka na warke.

Littafin ya nuna mini abin da ban zata ba. Hira ta awa ɗaya a waya tana cin ƙarfina kamar wanki. Wanka a tsaye ya fi yanka albasa a zaune tsada. Na sayi kujerar banɗaki, na raba girki gida uku, na koma sallah a zaune bayan na tambayi malami. Azumi ne ya fi yi mini ciwo a rai. Har yanzu idan na ji ana shirin buɗa-baki sai zuciyata ta karye.

Da albashi ya tsaya na nemi tallafin naƙasassu da ake kira PIP. A nan na yi kuskuren da nake so kowa ya guje masa. Mu an raine mu ne a kan idan an ce "ya jiki?" mu ce "da sauƙi, alhamdulillahi". Haka na cike fom ɗin. Kina iya girki? Ina iyawa. Kina iya wanka? Ina yi. Ban yi ƙarya ba, amma ranar da ta fi kyau na ba da labari. Makin da suka ba ni bai kai 8 da ake buƙata don ƙaramin matakin tallafin ba.

Wata ma'aikaciya a Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta a Birtaniya, ce ta fahimtar da ni ƙa'idar. Ba a ƙirga cewa mutum na iya abu sai in yana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, ya kuma iya maimaitawa, cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. Kuma ana duba yadda yake a fiye da rabin kwanakin shekara. Akwai wata ɗaya na neman a sake duba hukunci. Na buɗe littafina na ƙirga: cikin kwana 90, sau 23 na dafa abinci da kaina, kuma yawancinsu kwanciya ta biyo baya. Wannan na rubuta, na haɗa da kwafin shafukan da wasiƙar likita. Hannuna na rawa, ina ji kamar ina butulce wa Allah. Mijina ya ce, "Faɗin abin da yake akwai ba raki ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo." An amince a karo na biyu.

Na kuma aika yawuna cikin ƙaramar kwalba ga binciken DecodeME na Jami'ar Edinbura. A Agustan 2025 suka fitar da sakamakon farko: cikin ƙwayoyin gadon mutum sama da 15,000 masu ciwon, sun ga wurare 8 da suka bambanta da na sauran jama'a, wasu sun shafi garkuwar jiki, wasu jijiyoyi. Ba magani ba ne, ba kuma gwajin gano ciwon ba ne tukuna. Duk da haka na fassara wa Hajiya shi a waya, a zama biyu, don numfashina bai kai in yi a ɗaya ba. Ta yi shiru mai tsawo. Washegari da ta kira ba ta ce "ya jiki" ba. Cewa ta yi, "Uwata, yau lamba nawa?"